NTFS ko FAT32: tambayar da ake bar wa mai gyara

A gundumomin Magarya da Dungas, mai sayen kwamfuta yakan daɗe yana ciniki a kan farashi da ƙarfin batir. Amma in mai gyara ya tambaye shi tsarin da za a ɗora wa faifan ajiya, sai ya ce masa ya zaɓa da kansa. Alhali kuwa makomar takardunsa tana rataye da wannan amsa.

Faifan ajiya tamkar sito ne, tsarin faifai kuma shi ne kundin da ke nuna inda aka jibge kowane buhu. In kundin ya rikice, kaya suna nan, amma gano su sai an sha wuya.

FAT32, wanda kamfanin Microsoft ya fito da shi a 1996, ya fi kowane karɓuwa: rediyon mota da talabijin kusan duk sun san shi. Sai dai ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4. Abin da ya fi muni, ba ya rubuta niyyarsa kafin aiki. NTFS, na 1993, kafin ya taɓa kundin sai ya rubuta abin da zai yi a wani ɗan littafi na daban, ta yadda in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki zai san inda ya tsaya, ya daidaita kundin. Wasiƙar da ba a adana ba dai ta tafi, amma sauran sito ya tsira. Mutanen jahar Damagaram, da suka ga duhun watan Agusta na 2023 lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, ba su buƙatar dogon bayani a kan haka. Ga ma'aikacin da ke riƙe da jerin albashi a kwamfutar tebur marar batir, NTFS ne kawai abin hankali.

Ɗan filash, wanda wasu ke kira kile, nasa lissafin daban ne, domin matafiyi ne. Ɗan kasuwar Dungas da ke cin kasuwar Maigatari ran Alhamis bai san na'urar da za a soka shi a ciki ba. Kwamfutar Apple tana karanta NTFS, amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. A nan exFAT na 2006 ya fi dacewa: ya kawar da iyakar giga 4, kuma Windows da Apple duk suna aiki da shi. Shi ma ba ya da wancan ɗan littafi, saboda haka fizge shi ba tare da sallamar na'ura ba ganganci ne.

Canza tsari kuwa galibi sai an wanke faifan, wanki kuma yana tafiya da duk abin da ke ciki. Sai a kwashe lissafin bashi zuwa wani wuri kafin a miƙa wa mai gyara.