Dutsen Pirin da fayil ɗin da na sa wa hannu

Yau rubutun zai ɗan yi tsawo, mai sauri ya ajiye sai ya samu sarari.

Daren jiya barci ya ƙi zuwa, ina ta latse-latsen waya sai na faɗa kan labarin wani dutse a ƙasar Bulgeriya, can kudu maso gabashin Turai. Sunansa Pirin. Ni dai ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ido da ido ba, iyakar sanyin da na sani shi ne na hunturu. Amma labarin nan ya hana ni sakat har aka kira assalatu.

Pirin gandun daji ne na ƙasa, mallakar gwamnati, wato na kowa da kowa. Faɗinsa ya kai kimanin hekta dubu 40, ƙololuwarsa mafi tsawo, Vihren, mita 2,914. Akwai tafkuna a kan duwatsun, akwai kyarkeci da dabbar beyar, akwai kuma wata bishiya da aka ƙiyasta shekarunta sun kai 1,300, kun ga ta girmi ganuwar Kano nesa ba kusa ba. Tun 1983 UNESCO ta sa gandun cikin wuraren tarihi na duniya.

A gindin dutsen akwai wani gari, Bansko, inda Turawa ke tururuwa lokacin sanyi don wasan zamiya a kan ƙanƙara. A 2001 gwamnati ta ba wani kamfani hayar kusan hekta 100 a cikin gandun don ya yi filin wannan wasa. Wasan kuwa ba ya yiwuwa sai an sare itatuwa an share gangaren dutse. Daga baya aka gano kamfanin ya zarce iyakar da aka yanka masa da fiye da rabi. A 2010 UNESCO ta cire wuraren wasan daga cikin yankin da ta amince da shi, saboda sun riga sun lalace.

Otal-otal suka yi ta ƙaruwa a garin, amma keken igiyar da ke ɗaukar mutane daga gari zuwa saman dutse guda ɗaya ne tak. Layi ya yi tsawo, baƙi na ƙorafi, kamfani ya ce sai an ƙara na biyu.

To ga inda abin ya taɓa ni. Ranar 28 ga Disamba, 2017, ana tsakiyar hutun ƙarshen shekara, majalisar ministocin Firaminista Boyko Borisov ta yi wa kundin tafiyar da gandun gyaran fuska. Gwamnati ta ce ai keken igiya ɗaya ne kawai za a ƙara. Masu kare muhalli suka karanta takardar layi-layi, suka ce gyaran ya buɗe ƙofar yin gini a kashi 48 cikin 100 na gandun. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san wannan lokaci. Lokacin da hankalin kowa ke gida, shi ne fayil mai nauyi ke tafiya da gudu.

Mutane ba su yi shiru ba. Cikin sanyin Janairun 2018 dubbai suka fito titunan Sofiya da wasu garuruwa, mako bayan mako, har 'yan ƙasar mazauna waje suka yi nasu. Abin ya zo daidai da karɓar shugabancin karɓa-karɓa na Tarayyar Turai da Bulgeriya ta yi, idon duniya na kanta. Kuma ba su tsaya a titi ba, ƙungiyoyi irin su WWF da takwarorinsu na cikin gida suka garzaya kotu. A Yulin 2018 alƙalai uku na Kotun Ƙolin Harkokin Mulki suka soke gyaran. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, a Janairun 2019 alƙalai biyar suka tabbatar da hukuncin, magana ta ƙare.

Adalci dai a faɗa: mutanen Bansko da yawa keken suke so, su ma sun yi tasu zanga-zangar. Mai otal da direba da mai sayar da abinci, duk da baƙin nan suke ci. Ban ga laifinsu ba wallahi. Sai dai dutsen ba na gari ɗaya ba ne, kuma bishiyar da ta shekara ɗaruruwa ba a dasa ta a kasafin kuɗin baɗi.

Yanzu ga nawa. Shekarun baya wani fayil ya zo teburina, ana gobe a tafi hutun sallah. Wani fili ne na jama'a a wata unguwa, inda yara ke ƙwallo da yamma, ake kuma kafa rumfunan biki. Buƙatar ita ce a yanki "gefe kaɗan" a yi shaguna. Na duba, na ga babu takardar da ke nuna an tuntuɓi mutanen unguwar. Na gani ƙarara, ba zan ce ban gani ba. Amma daga sama an ce a hanzarta, ni kuma ina jiran ƙarin girma. Na rubuta cewa an duba, na sa hannu, na tura gaba. Kwanaki na bi ta wajen da yarona a mota, babu fili ko na shanya tabarma. Gefe kaɗan ya haifi wani gefen, har aka cinye.

Ba ina neman wanke kaina ba ne, laifin sa hannu nawa ne. Amma zan faɗa muku abin da ba kowa ya sani ba game da mu ma'aikata. Da a ce takardar koke ko guda ɗaya ce ta shigo fayil ɗin nan, mai ɗauke da sa hannun mutum goma da hatimin mai unguwa, da na samu abin jingina. Da na rubuta cewa akwai ƙorafi, sai an saurara. Ƙaramin ma'aikaci shi kaɗai ba ya iya ce wa oga a'a, amma yana iya cewa, ranka ya daɗe, ga takarda a ciki. Babu wanda ya rubuto. Kowa ya yi tsaki a majalisarsa, ya ce Allah Ya isa, aka watse.

Abin da 'yan Bulgeriya suka fi mu ke nan. Ba fushi ba, mu ma muna da shi har ya yi yawa. Sun karanta takarda, sun san dokar da ta kare gandunsu, sun shekara guda suna bin shari'a ba su gaji ba.

Don haka idan kun ga an fara aune-aune a filin unguwarku, ko bakin makabarta, ko gandun dajin garinku, kar ku tsaya a Facebook. Ku rubuta takarda, ku kai ofis, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kwafinku, ku adana. Ni kuma na yi wa kaina alkawari, fayil irin wancan ba zai sake wucewa ta hannuna a rana ɗaya ba, ko da sallah gobe ce.

Allah Ya yafe mana abin da muka sa wa hannu cikin tsoro. Wanda ya taɓa ganin irin haka a unguwarsu, ya ba mu labari.