Tela Mai Hannun Ƙarfe

Akwai wani dattijo tela a Jos wanda yau shekara biyu ke nan ba ya iya zura zare a allura da hannunsa na dama, sai dai ya kira yaron shago ya zura masa. Gaɓoɓin yatsun nan huɗu sun kumbura sun ƙage, in sanyin hunturu ya sauko kuwa ko almakashi da ƙyar yake riƙewa. Likita ya ce masa ciwon gaɓoɓi ne, kuma tsufa yana da nasa rabo a ciki. Amma akwai abin da dattijon bai gaya wa likita ba, sabo da kunya.

A wajen ƙarshen shekarun 1970, sa'ad da yake saurayi yana koyon ɗinki, ba abin da ke cika gidajen silima kamar fim ɗin Indiya da na mutanen Sin. Burus Li ya riga ya mutu tun 1973 yana da shekara 32, amma finafinansa suna ta zagaya garuruwa kamar yana raye. Wanda ya fi shiga ran saurayin nan kuwa shi ne wani fim na Honkon da aka yi a 1978, mai suna The 36th Chamber of Shaolin, inda wani almajiri yake bin ɗakunan horo ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaukar guga-gugan ruwa, yana dukan buhuna da ka, har ya fito gagarau. Washegari sai ya sami tsohuwar tasa ya cika ta da yashi, ya ajiye bayan shago. Kullum safe da dare sai ya soka yatsunsa a ciki sau ɗari. Da yashi ya daina yi masa zafi ya koma tsakuwa. Shekara shida yana wannan, har ya kai yana fasa tubali a gaban abokansa suna tafi.

Bai taɓa faɗa da kowa ba, domin shi mutum ne mai sanyin hali. Sai dai ya riƙe a ransa cewa ran da duk ya ɗaga hannun nan ya sauke a kan mutum, to sai dai a nemo likkafani. Wannan imani ya ajiye shi shekara arba'in kamar kuɗin da aka binne a ƙarƙashin gado, ba a kashewa, amma sanin suna nan yana sa barci ya yi daɗi.

Abin da ya kwaikwaya ɗin ba ƙagen 'yan fim ba ne. A cikin kunfu, watau dabarun faɗa na gargajiya na ƙasar Sin, akwai horon da suke kira tafin ƙarfe. Almajiri yakan fara da dukan jaka cike da ƙananan wake, bayan watanni a musanya waken da tsakuwa, daga bisani a zuba ƙwayoyin ƙarfe. Kafin duka da bayansa ana shafa wa hannu wani jiƙo na saiwoyi, ana murza shi, kuma malami yana tsaye yana hana gaggawa. Telan Jos ba shi da jiƙo, ba shi da malami. Akwai kuma rigar ƙarfe, inda ake dukan ciki da haƙarƙari da baya da itace har jiki ya saba. Masana ƙashi ba su musa cewa akwai gaskiya a ciki ba. Tun 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yakan sake gina kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa, shi ya sa ƙashin hannun da ɗan wasan tanis yake riƙe faifai da shi ya fi na ɗaya hannun kauri. Fata takan yi kanta, zafi yakan ragu. Sai dai guringuntsin gaɓa ba ya bin wannan ƙa'ida, shi in ya cinye da wuya ya dawo.

Wata rana da la'asar jikansa ya shigo shago da waya a hannu, ya ce, "Tsoho, matso ka ga yadda aka yi da malamanka." Hoton wani faɗa ne da aka yi a birnin Chengdu a watan Afrilu 2017. A gefe ɗaya ga Wei Lei, malamin taici wanda har gidan talabijin na gwamnati ya taɓa nuna shi yana hana tantabara tashi daga hannunsa. A ɗaya gefen ga Xu Xiaodong, mutumin Bejin, mai koyar da faɗan gauraye, wanda ake taƙaita sunansa da MMA, watau faɗan da ya haɗa naushi da shuri da kokawa da maƙure a fage ɗaya. Wei ya buɗe hannuwa yana zagaye a hankali kamar yadda ake yi a fim. Xu ya taso masa da naushi ba ƙaƙƙautawa, Wei ya yi ta ja da baya har ya faɗi, Xu ya bi shi ƙasa yana duka. Abin bai wuce sakan 20 ba.

Dattijo ya ce a sake masa. Aka sake har sau uku. Sa'an nan ya ce, "Ai wannan ɗan taici ne, ja'iri, rawar tsofaffi yake yi. Da mai tafin ƙarfe ne da ka ga aiki." Jikan bai yi gardama ba, sai ya ƙaro masa wasu. Ga Ma Baoguo, wanda ya kusa shekara 70 yana iƙirarin ba mai iya taɓa shi, wani mutum mai kimanin shekara 50 da ba ƙwararre ba ya kayar da shi sau uku cikin rabin minti a lardin Shandong a watan Mayu 2020.

A nan ne idon tela ya ga abin da idon saurayi bai gani ba, domin wanda ya shekara arba'in yana awo ya san tazara. Ya lura malaman nan ba rashin ƙarfi ne ya kayar da su ba. Ba su san inda za su tsaya ba. In naushi ya taso sai su runtse ido, su ɗaga haɓa, su miƙa hannu kamar mai korar zuma, alhali kuwa haɓar nan ita ce ƙofar da ba ta kulluwa. In aka bugi muƙamuƙi kai yakan juya farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙonta, mutum ya zube, kuma ba buhun da za a daka shekara goma ya hana wannan. Hannu komai taurinsa sai ya isa jikin abokin karawa kafin ya yi amfani, shi kuwa abokin karawa ba a tasa yake zaune yana jira ba.

Mai karatu kada ya ɗauka haka mutanen Sin suke tun fil'azal. A da suna da dandamalin da suke kira leitai, mai tudu, ba igiya, inda gwanaye suke gwabzawa da gaske. A 1928 an yi babbar gasa a Nanjing wadda mutane da dama suka ji rauni a cikinta. Bayan Kwaminisanci ya kafu a 1949 ne hukuma ta karkata ga nunin tsari, watau jerin motsi da mutum yake yi shi kaɗai alƙalai suna ba shi maki, aka ajiye karawa gefe, har damben Turawa ma an hana shi daga 1959 zuwa 1986. Sai a 1979 aka fara gwada wani faɗan gasa da suke kira sanda, sunan da ba ruwansa da sandar makiyayi, kuma shi Xu Xiaodong a cikinsa ya tashi. Ke nan an sami malamai da suka gaji horon jiki daga malamansu, amma ba su gaji fage ba. Ɗan damben gargajiya na ƙasar Hausa, duk da layu da guraye, bai faɗa wannan rami ba, domin tun yana ƙarami ake tura shi fili a gaban kalangu, in ya yi sake ya sha ƙasa.

Su ma 'yan faɗan gauraye suna taurara jiki. Suna shurin buhu har ƙwauri ya saba, suna ƙarfafa wuya. Bambancin shi ne horon nasu yana tafe da karawa kowane mako, da abokin da yake nufin ya buge su. Ko a hakan ƙashi ƙashi ne. A watan Disamba 2013 Anderson Silva na Barazil, wanda ya daɗe yana riƙe da kambi, ya kai shuri aka tare da ƙafa, ƙwaurinsa ya karye nan take.

Shi kuwa Xu bai ci riba ba. Ƙungiyar wasan kunfu ta ƙasar ta yi tir da faɗan Chengdu, aka rufe shafinsa na intanet, wani attajiri ya sa ladan yuwan miliyan 10 ga ɗan gargajiyar da zai buge shi. A 2019 kotu ta same shi da laifin ɓata sunan wani babban malamin taici, Chen Xiaowang, ta ce ya biya kimanin yuwan 400,000, ya kuma nemi gafara a bainar jama'a kwana bakwai a jere. Da ya yi jinkiri aka hana shi hawa jirgin sama da jirgin ƙasa mai sauri na wani lokaci, har ya yi tafiyar fiye da awa 30 a jirgin talakawa zuwa Karamay, ya shiga fage da fuska a shafe da fenti, ya gama da abokin karawarsa kafin minti ɗaya. Gaskiya ne bakinsa ba linzami, kuma dukan wanda bai san fage ba ba jarunta ba ce. Taici ma yana da amfaninsa, bincike ya nuna yana rage wa tsofaffi faɗuwa. Amma waɗanda suka karɓi kuɗin almajirai da sunan koya musu kare kai, su ne suka fara cin amana, ba wanda ya tona ba. A cikin shekarar nan dai ta 2019 wata 'yar Sin, Zhang Weili, wadda ta fara da kunfu tana yarinya kafin ta koma sanda, ta ci kambin duniya na gasar UFC a Shenzhen cikin sakan 42.

Da dare dattijon ya sa jikan ya nemo masa fim ɗin Burus Li na 1973, Enter the Dragon, wanda ya kalla ba iyaka yana saurayi. A faɗan farko ya ga Burus Li sanye da safar hannu mai buɗaɗɗun yatsu, irin wadda 'yan faɗan gauraye suke sawa yau, ya kayar da abokin karawarsa, ya bi shi ƙasa ya murɗe masa hannu har ya sallama. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Wallahi sau nawa na ga wurin nan, ban taɓa kula ba."

Jikan ya ce, "To Tsoho, yanzu ina hannun ƙarfen?"

Ya ɗaga hannun ya juya shi a hasken fitila, ya ce, "Ga shi nan. Tubali dai ya fasa, wannan ba wanda ya isa ya musa. Miƙo mini man zafin can."