Arba'in ɗin Mai Jego da Gadin Aro a Nima ta Da

A Nima da Maamobi, unguwanni biyu a babban birnin Gana, a shekarun 1960, masu takardar ɗaukar aiki ba su taka kara sun karya ba. Tun da Malam Amadu Futa ya kafa zango a Nima a farkon shekarun 1930, unguwar ta zama masaukin masu neman na sawa a bakin salati: tsofaffin sojojin da suka dawo daga Bama, leburori, kuku da masu gadi a gidajen manya na Cantonments da Ridge. Mata kuwa suna bakin murhu tun asuba, wannan koko da ƙosai, waccan waakye. Duk cikinsu babu mai hutun da hukuma ta san da shi, amma ana hutawa, kuma akwai masu biyan kuɗin hutun.

Idan zazzaɓi ya kayar da mai gadi, ba ya zuwa neman izini. Ƙanensa ko ɗan ɗakinsu zai miƙa wa tocila da kulki da buta da tsohon bargo, ya je ya kwana a ƙofar. Wani maigidan ma sai a yi mako bai lura fuskar ta sauya ba. Wata ya ƙare, a raba albashin. Haka in aka aiko da rasuwa daga Sakkwato ko Dosso ko Bawku: wani ya riƙe masa gurbin har ya je ya dawo. Wannan dabara ta sha kashi a Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Ɗakuna da dama sun wayi gari babu mai tsaya wa wani.

Hutun mata ya fi tsari. Mai cikin fari takan koma gaban iyayenta goyon ciki. Ta haihu, ungozoma ta yanke cibi, ranar bakwai a yi suna, sannan a shiga wankan jego har kwana arba'in. Ba ta ɗora tukunya, ba ta zuwa famfo. Uwa ko gwaggo ke dafa ruwan a babbar tukunya, ta tsoma ganye tana fyaɗa mata safe da yamma, a dama kunun kanwa, a kawo gasasshen nama da yaji. Teburin kokonta bai tashi ba. Ƙanwa ko 'yar riƙo na zaune a kai don kada masu saye su sauya sheƙa. 'Yan adashi, wanda a nan aka fi kira susu, sukan ce wa uwar adashi: "Hajiya, a ba ta kwasar wannan karon, ita ce da lalura." Gudummawar biki ma bashi ce, kowa na riƙe da lissafin abin da aka kawo mata.

Kada dai a zuzuta da yawa. Likitoci a Zariya sun daɗe da danganta zafin wankan da yawan kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Kuma 'yar riƙon da ta tsare teburin, sau da yawa makarantarta ce ta biya kuɗin hutun. Wanda ya fi shan wuya shi ne leburan da kaya ya karya wa ƙugu. Zumunci na iya ɗaukar jinyar wata biyu, ba ya iya ɗaukar ta shekara goma. Daga sadakar masallaci sai bara.

Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003, mai lamba 651, ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na aƙalla mako 12 da cikakken albashi, da ƙarin mako biyu in tagwaye ne ko haihuwar ta zo da tangarɗa, da sa'a guda kullum don shayarwa. Hutun shekara kwana 15 ne na aiki, kuma jinyar da likita ya tabbatar ba a cire ta daga ciki. Uba dai ba a ware masa komai ba. Wanda ya nakasa kuwa yana iya samun fansho daga SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata, muddin ya zuba na wata 12 cikin wata 36 na ƙarshe, kuma kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai ƙara iya aiki ba.

Malamar makaranta da nas ɗin asibitin Maamobi sun ci moriyar wannan, mako 12 ya ninka arba'in har da ɗori. Sai dai a Gana mai ɗaukar aiki ne ke biyan albashin hutun haihuwa, mai koko kuwa ita ce uwar ɗakin kanta. Gwaggon da za ta dafa ruwan ita ma yanzu tana da rumfa a kasuwar Nima, ɗakin haya ya yi kaɗan, gawayi ya yi tsada. Shi ya sa ake ganin mai jego ta koma bakin murhu ba a daɗe da watsewar suna ba, jariri a baya. A 2023 SSNIT ta buɗe shirin rajistar masu sana'ar kansu, ya shafi tsufa da nakasa da magada, amma jego ba ya ciki.