Keken da Ke Gurfana Kamar Raƙumi



A Fagam ba sai gajeren mutum ya miƙe tsaye za ka gane shi ba, ka bari ya hau keke. Dogo in zai tsaya gaisawa ƙafa ɗaya yake saukewa, yana zaune daram a kan sirdi kamar hakimi. Mu kuwa tun daga nesa muke raba ido, muna neman dakali ko dutsen da za mu dafa. In babu, sai tsalle. Allah Ya taimake mu garin namu ba ya rasa dutse.

Na ce "mu" domin ina cikinsu. Daga matsematsina zuwa ƙasa santimita 70 ne cif, da tef ɗin tela aka auna. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, na jingine babur na koma keke, wani mai giya ɗan Kwatano. Da shi nake zuwa ƙauyen da nake koyarwa in dawo, hanya ce mai hawa da gangara da tsakuwa. Saboda haka maganar sirdi a wurina ba ta 'yan gayu ba ce, maganar gwiwa ce da abin sawa a baki.

Kowa gani yake maganin gajeriyar ƙafa a sauke sirdi har ƙasa, shi ke nan. To sirdin da ya yi ƙasa gwiwa yake ci. Ƙafa ba ta miƙewa, kana tuƙi kamar mai tsugune, in ka fuskanci tudu duk nauyin a kan ƙoƙon gwiwa yake sauka. Masu sana'ar keke suna da gwaji mai sauƙi: ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ba, sirdin ya zauna daidai. Akwai kuma lissafin da ake jinginawa ga ɗan tseren Amurka Greg LeMond, a ninka tsawon ƙafa da 0.883. Nawa ya ba da kusan santimita 62, daga tsakiyar inda hannayen feda ke juyawa zuwa saman sirdi.

A wannan tsayi tuƙi ya yi daɗi, amma ƙasa ta yi nisa, domin shi kansa wurin juyawar fedar yana sama da ƙasa da kusan santimita 30. Ga kuma gangara: sirdi mai tsayi gaba yake tura nauyinka, taya ta ci karo da dutse ɗaya ka wuce ta saman hannun keken. Ashe gajere tsayin sirdi biyu yake bukata a keke guda, ɗaya na tuƙi, ɗaya na tsayawa da sauka daga tudu.

Kekunan iyayenmu, Raleigh da Phoenix masu taya inci 28, ba su san wannan zance ba. Shi ya sa muna yara muke zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya, keke a karkace, mu a karkace. Yaro yana girma ya hau sirdi. Wasunmu dai girman bai kai mu can sosai ba.

Masu hawan duwatsu da keke a ƙasashen Turawa sun daɗe da neman mafita. Tun 1984 aka fito da wani ƙarfe mai tsalle da ake kira Hite-Rite, wanda ke mayar da sirdi sama bayan an danna shi ƙasa. Na yanzu sanda ce biyu, ɗaya a cikin ɗaya, da 'yar liba a hannun keke. Ka danna libar ka zauna, sirdi ya nutse. Ka danna ka ɗaga jikinka, ya dawo inda yake. A 2022 wani ɗan Slobeniya, Matej Mohoric, ya ci tseren Milan zuwa San Remo a Italiya da irin wannan sanda, ya sauke sirdinsa a gangarar ƙarshe ya tsere wa sauran. Da na nuna wa Baba mai gyara bidiyon yadda take aiki, sai ya ajiye sifanarsa ya ce, "Kai yaro, ai wannan raƙumi ne, ya gurfana ka hau ya tashi da kai." Ni dai ban ji sunan da ya fi wannan dacewa da ita ba.

Wani abokina da ke sayar da kekunan Kwatano a Sabon Gari a Kano ya ce jifa-jifa takan zo a jikin wasu kekuna. Ya samo ɗaya mai nutsewa milimita 150, yana ta murna, wai ita ce babba. A nan ne ɗan abin da muka koya a Poli ya yi rana, na ce ya dakata in ɗauko ma'auni.

Bututun firam ɗina, wanda sanda ke shiga, santimita 43 ne. Cire shi daga 62, saura 19. Shi kansa sirdin ya cinye kusan 5. Wuyan sandar da kanta, waɗanda ba sa nutsewa, su ma kusan 5. Abin da ya rage santimita 9, wato milimita 90. Da na ɗaura mai 150, in ta tashi sai ta ɗaga ni santimita 6 sama da inda ƙafata ke kaiwa, ko da an cusa ta har wuya. Wadda ta fi tsawo da tsada ita ce ta fi zama banza a wurina. Ko mai 100 sai an rage mata, kuma ba kowace ke yarda ba. Wasu, irin na kamfanin OneUp, ana sa musu 'yan ƙarafa a ciki a rage milimita 10 ko 20.

Za ka ce to a nemi ƙaramin firam mana. Gaskiya ne, mai santimita 38 zai ba ni fili har in ɗauki mai 125. Sai dai ƙaramin firam bututunsa gajere ne, wani a lanƙwashe, wani kuma ƙusoshin maƙala gorar ruwa sun tare cikinsa, sandar ta shiga rabi ta cije. Gajere ta sama a matse yake, ta ƙasa ma a matse. Sannan ga kauri. Waɗannan sanduna sukan zo da milimita 27.2, ko 30.9, ko 31.6, ko 34.9. Siririya takan zauna a faffaɗan bututu in an sa mata riga, amma mai kauri ba ta shiga siriri ko da za a kwana ana bugu. Nawa 27.2 ne, kamar yawancin tsofaffin kekunan da ake kawo mana, kuma ba shi da ramin da waya za ta bi ta ciki, dole sai mai waya a waje. Ta abokina 31.6 ce. Magana ta mutu tun kafin a zo ciniki.

Akwai abin da Baba ya ƙara wanda na ga ya fi duk lissafina nauyi. Yawancinsu da iska da mai suke aiki, a rufe ruf. Ya ce, "In ƙurar hunturu ta ci robar bakinta ta fara zama da kanta, da me zan buɗe ta? Ni faci na sani da sarƙa." Don haka wadda nake nema yanzu ita ce mai ƙarfen tsalle da ƙusar kullewa, wadda za a warware a wanke a shafa giris a gindin bishiya. Ba ta da laushin waccan, kuma tana ƙara kamar an rufe ƙofar langa-langa. Na yarda.

Kafin ta samu, Baba ya cire notin da ke ɗaure sandar sirdina ya sa maɗauri mai 'yar hannu, wanda ake buɗewa ba da sifana ba. Muka ja layi biyu da jan fenti a jikin sandar. In na iso kan tudun nan na kafin ƙauye sai in sauka, in mayar da ita layin ƙasa, in gangara. A gindin tudun in sake sauka in ɗaga ta. Sau huɗu ke nan a rana, zuwa da dawowa. Ɗalibaina sun riga sun haddace wurin, sukan tsaya a bakin hanya su jira Malam ya gama gurfanar da raƙuminsa. Abokina kuwa na tura masa lambobi uku ya liƙa a bangon shagonsa: kauri 27.2, nutsewa kada ta wuce 90, waya a waje.