Makullin Kawu da Sikelin Aro

Jama'a, ina so in ba ku labarin wani darasi da na koya sau biyu, da fari a kasuwa, daga baya a gaban kwamfuta.

Sa'ad da nake yaro, nakan taya kawuna tsaron rumfa a Kasuwar Litinin ta Maiduguri, tun kafin gobarar 26 ga Fabrairu, 2023. Wata rana na aro sikeli wurin maƙwabcinmu. Da la'asar hadari ya taso, na rufe rumfa da gaggawa, na manta sikelin a ciki. Kashegari maƙwabcin ya wuni rabin rana bai auna kome ba. Kawu bai buge ni ba, amma kunyar da na gani a fuskarsa ta fi bulala. Tun daga ran nan, duk abin da muka aro sai ya ɗaura masa makullin rumfa, da 'yar takarda mai sunan mai shi. Ko ruwa ya kore ni, ko kira daga gida, ba dama in kulle rumfa sai kayan aro na hannuna.

Da na shiga koyon aikin malanta, aka fara koya mana harshen kwamfuta mai suna C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a Amurka wajen 1972. A cikinsa in ka buɗe fayil da fopen, aro ka yi, tilas ka mayar da fclose. Na rubuta ɗan shiri na tara makin yara. Na sa fclose a ƙarshe, amma wurare uku da shirin ke komawa baya in ya gamu da kuskure, na manta. Fayiloli suka yi ta taruwa a buɗe, har kwamfuta ta ƙi buɗe wani, ga shi gobe za a ba da sakamako.

Malaminmu ya nuna mini dabarar Bjarne Stroustrup, mutumin Denmark, wanda ya ƙago C++. Watau a haɗa abin aro da adireshin aikin da zai mayar da shi, a ƙunsa su wuri guda. Da zarar an fita daga wannan sashe, ta kowace ƙofa, sai ƙunshin ya kira aikin da kansa. Tun 2011 akwai irin wannan ƙunshi a C++, sunansa unique_ptr. Na ce, "Malam, ai makullin Kawu ne!"

Amma ya ja mini kunne a kan abu uku. Na ɗaya, ƙunshin ya duba ko an sami aron, gama fopen takan dawo hannu wofi, kuma rufe abin da ba a buɗe ba yakan rushe shiri. Na biyu, kada a kwafi ƙunshin, don kada a rufe fayil sau biyu. Na uku, kada a tilasta wa adireshin aiki siffar da ba tasa ba. Daidai yake da kai wa mai goro sikelin mai gero.

To, 'yan'uwana, wanda ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski. Ni kuwa na san kaina da mantuwa, shi ya sa yanzu nake shirya mayarwa tun a sa'ar da na karɓa.