Kasuwar Kifin da Ba a Ci

Sarin kayan waya ne ya kai ni Hong Kong. Daga Gwanzu na hau jirgin ƙasa, kuma babu wani abin faɗa a hanyar. Masaukin da na samu a wani tsohon bene a unguwar Tsim Sha Tsui ne abin takaici: ɗaki ba taga, in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa, masai da famfon wanka a ƙuntataccen lungu ɗaya. Kuɗin da na biya ya isa ɗaki da falo a Kano. Wanda ya miƙo mini makulli ko sannu da zuwa bai ce ba, abin da ko yaro ba zai yi wa baƙo a gidanmu ba.

Ranar Juma'a, a babban masallacin Kowloon da ke titin Nathan, na ji ana waya da Hausa a bayana. Wani dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, mai harkar aika kaya a jirgin ruwa. Bai bar ni na koma ɗakin nan da yunwa ba. Ya kai ni gidansa, uwargidansa ta kawo tuwo da miyar kuɓewa. Da la'asar ya ce, "Alhaji, taso in kai ka kasuwar kifin da ba a ci."

Titin Tung Choi ne, a Mong Kok. Bangon kantuna cike yake da ledoji a rataye, kowace da ruwa da kifinta, an rubuta farashi a jiki. Yawancinsu kifin ruwan daɗi ne. Mutanen garin sun yarda kifi yana jawo arziki, ga gidajensu ƙanana, akwatin gilashi ya fi musu sauƙin ajiyewa. Muka shiga wani kanti mai shuɗiyar fitila inda ake sayar da na teku. Nan ruwan ma haɗa shi ake yi da gishiri na musamman, a auna, a sa na'urar da ke riƙe ɗuminsa.

Mai kantin ya fara nuna mana ɗan kifin nan da yara suka sani da Nemo tun fim ɗin 2003: ruwan lemo, da farin ɗamara uku masu baƙin baki. Kusa da shi ga ɗan'uwansa da farin ya wargaje ya haɗe barkatai, suna ce masa Picasso. Ga wani fari fat, Platinum. Kifi ɗaya ne, abinci ɗaya, amma da ya danna kuɗin a kalkuleta sai na ga ya ninka na farkon sau da yawa. Dattijo yana fassara mini: waɗannan ba daga teku suke ba, a gonakin kifi ake haɗa iyayensu, irin kamfanin ORA na Florida a Amurka. Shi ya sa farashinsu ba ya zama. Da zarar 'ya'ya sun yawaita, darajar ta sauka. Haka ta faru da Lightning Maroon, mai farin zane a tsattsage a kan jan jiki. An kamo shi a Papua New Guinea a 2010, wani makiyayin kifi a Minnesota ya samu 'ya'yansa, yanzu kuwa jikokinsa sun bazu a kasuwa.

Abin bai zame mini baƙo ba. Mu ma a hawan salla mun san bambancin akawal da kili da danda, kuma mai doki yana ƙara kuɗi saboda launi kawai. Sai dai namu launin yakan daɗe a jikin dokin.

Na faɗi haka ne saboda kifin da ke can ƙurya, shi kaɗai a akwatinsa. Irin da suke kira tang ne. Danginsa ƙasa-ƙasa suke, ba mai waiwayarsu, amma shi Allah ya yi masa dabbare-dabbaren rawaya da fari da baƙi. Daga teku aka kamo shi, babu na biyunsa, kuma ya fi komai tsada a kantin. Mai kantin ya burge ni da gaskiyarsa. Ya ce irin wannan yakan rikiɗe bayan 'yan watanni ya koma kalar danginsa, kuma yana gaya wa kowane mai saye. Duk da haka ana saye. Na daɗe a tsaye ina kallonsa yana tsinkar ganyen teku da ɗan tsinin bakinsa, na kuma fahimci mai sayen, don ban taɓa ganin halitta mai wannan ado ba.

Abin da ya sosa mini rai shi ne yadda ake kamo wasu. A Filifin da Indunusiya akwai masunta da ke fesa gubar sayanayid a cikin murjani don kifi ya sume a ɗauke shi. Murjanin ya mutu, kifin ma sau da yawa ba ya daɗewa. Hawaii kuwa kotu ta tsayar da kamun kifin ado a 2021, farashin tang mai rawaya ya yi tashin gwauron zabi, masu kiwo suka samu kasuwa. Ni dai ina bayan kiwon, a bar wa teku nata.

Sauran kantunan kusan abu ɗaya ne, muka wuce su da sauri don magariba ta gabato. Washegari na gama lissafi da masu kaya na koma Gwanzu.