Kafin a Zuba Daɓe

Ranar wata Talata da la'asar maginina ya kira ni ina ofis. Ya ce, "Injiniya, Asabar za mu zuba daɓen tsakar gida. In akwai abin da za a binne a faɗa yanzu, don in siminti ya kama sai dai guduma." Ni manhajar kwamfuta nake rubutawa, ban san komai a gini ba, amma tun da ya ga ina zuwa fili da kwamfuta a jaka ya liƙa mini sunan. Na yi ta gyara masa har na gaji na bari.

Akwai kuwa abin binnewa. Bututun gas ne da zai taso daga bayan gida ya ɓullo ƙarƙashin rumfar girki. Shekara 4 na yi ina lallaɓa ginin nan a bayan garin Kano, kuma rumfar domin mutum ɗaya na yi ta, wato mahaifiyata.

Hajiya ta fi shekara 40 tana girki da itace. Tun muna yara mun saba da tarinta na asuba, har muka ɗauke shi kamar wani ɓangare na kiran salla. Sai da likita ya duba ƙirjinta ya tambaye ta ko tana shan taba, ta ɗaure fuska, sannan ya ce to hayaƙin murhu ne, ta nisance shi. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta hayaƙin girki a gidaje yana halaka kimanin mutum miliyan 3 duk shekara. Da ta amince za ta dawo wurina da zama, na nuna mata zanen kicin na cikin gida mai tayil da kabad. Ta kalla ta ce, "Ni ban iya tuƙa tuwo a tsaye ba, kuma ba na girki inda ba na ganin sama." Game da gas kuwa ba ta ma bari na ƙarasa ba. A tsohuwar unguwarmu ta taɓa zuwa dubiyar wata maƙwabciya da gas ya ƙona, kuma wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Dabarar da na yi ke nan: a yi mata girki a waje, a zaune, da babban kan gas na ƙasa irin na masu abincin sayarwa, tukunyar gas ɗin kuma a kai ta nesa inda ba za ta gan ta ba.

Da kawuna ya ji maganar bututu sai ya tambaye ni ko daga na Ajakuta zan ja. Yana nufin bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Na yi masa bayani cewa wancan iskar gas ce ta masana'antu da tashoshin lantarki. Namu na girki cakuɗen furofen da butan ne, ana matse shi ya zama ruwa a cikin tukunya, sai an buɗe yake komawa iska. Na faɗi haka da alfahari, ban san cewa bambanci mafi muhimmanci tsakaninsu ya wuce ni ba.

A daren Talatar na zana komai a kwamfuta. Tukunya biyu masu kilo 12.5, da makunnin sauyi a tsakani, in ɗaya ta ƙare a juya kan ɗayar, kamar yadda muke ajiye na'ura ta biyu a wurin aiki don kada ta farko ta mutu komai ya tsaya. Na kuma zana rami mai murfi kusa da sokawe inda tukwanen za su zauna: ba rana, ba yara, ba ɓarawo. Na kwanta ina jin na gama.

Da safe na kai wa wani dattijo da ya shekara yana haɗa gas a otel-otel da gidajen burodi. Ya sa gilashi ya daɗe yana duba zanen, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ramin na gas ne ko na mutanen gida?"

Ya zaunar da ni ya karantar da ni. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya yoyo ba ya tashi sama kamar wancan na Ajakuta, kwanciya yake yi kamar ruwa, ya bi gangara ya taru a rami ko kwata ko sokawe yana jiran ƙyastu. Shi kansa ba shi da wari, wannan ɗoyin da ake ji zuba masa ake yi da gangan don hanci ya kama, ni kuma na zana murfin da zai hana hancin ji. Ya ce keji za a yi a saman ƙasa, mai raga ta ko'ina, da rufi don inuwa, tukwane a tsaye, nesa da taga da janareta da bakin kwata. Ya ce kada in yarda mai cika gas ya cika mini tukunya taf, dole a bar wajen kashi 1 cikin 5 fanko, domin ruwan yana kumbura da zafi, ga shi a Kano watan Afrilu ma'auni kan haura 40. Bututun kuma na jan ƙarfe, a zura shi cikin na roba kafin a binne, guda ɗaya miƙaƙƙe ba mahaɗa a ƙarƙashin ƙasa. Tiyo sai a ƙarshe, gajere, inda ido ke ganin sa.

Ranar Alhamis, bayan an haƙa layi an shimfiɗa bututu, na ɗauko Hajiya ta ga wurin. Ba ta kalli zanena ba. Ta jawo bulo ɗaya ta zauna a ƙarƙashin rumfar, ta miƙa hannu kamar mai riƙe da muciya. Ta ce, "Ina abin kashewar?" Na nuna mata bango, bayan inda kan gas zai zauna. Ta ce, "Wato in wuta ta tashi sai na tsallaka ta da hannuna in kashe?" Na yi shiru. Ta ƙara da cewa iskar hunturu ta wannan kusurwar take shigowa, za ta riƙa kaɗa wutar, kuma nan ne hanyar da yara za su bi da gudu zuwa famfo. Ta matsa da bulonta wajen mita 3 ta ce, "Nan."

Kunya ta kama ni. A wurin aiki ba ma sakin manhaja sai mun zaunar da wanda zai yi amfani da ita mun ga inda hannunsa ke zuwa. Na yi wa baƙi wannan ba adadi, amma ban taɓa tambayar mahaifiyata a ina take son zama ba.

Sai ta kawo sharaɗinta: a bar mata murhu. Na fara jayayya, ta ɗaga hannu. "Ranar da gas ɗinka ya ƙare ko ya yi tsada, da yunwa za mu kwana? Ranar suna fa, ko Sallah?" Muka daidaita a kan kusurwar da ta fi nisa da kejin, can ɗaya ƙarshen gidan.

Matsar da wurin ya sa bututun ya gaza. Sabon nadi kuɗi ne, ni kuma aljihu ya yi ƙasa. Na ce wa dattijon a ɗaura guntu a kai, mahaɗa ɗaya ce tak. Ya ce ba ya binne mahaɗa. Na nace. Ya ce to za a ɗaura, amma sai an gwada a gabana. Ranar Juma'a bayan masallaci ya toshe bakin bututun, ya bunƙa masa iska, ya ɗaura agogon awo. Muka zauna a inuwa. Kafin mu shanye ruwan leda allurar ta ɗan sauka. Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a mahaɗar, sai ga 'yan kumfa ƙanana suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Bai ce mini komai ba.

A sana'ata in kuskure ya fita, da dare muke gyarawa mu tura sabo, da safe ba wanda ya sani. Na tsaya a kan ramin ina kallon kumfar, ina tuna cewa saura kwana ɗaya siminti ya rufe ta, kuma daidai wurin ne Hajiya ta ajiye bulonta.

Na kira magini na ɗage daɓe da mako guda. Ya yi mita, na biya leburorin da ya riga ya kira, na ci bashi na sayi sabon bututu. A gwaji na biyu allurar ta kwana inda aka bar ta. Kafin a rufe na ɗauki hoton layin daga farko har ƙarshe da tef ɗin awo a gefe, na sa aka ja zane a kan daɓen don kada wata rana wani ya zo da guduma.

Yau wata 7 ke nan da tarewarmu. Satin farko matata ce ke kunna mata. Yanzu da kanta take yi, kuma duk dare sai ta zagaya keji ta rufe tukunya kafin ta kwanta, duk da cewa na yi kejin ne don kada ta gan ta. Har yanzu tana cewa tuwon gas ba ya ƙanzo mai daɗi, kuma takan hura murhunta in marmari ya taso, ni kuma in kau da kai. Tarin bai tafi duka ba, amma akwai asubar da nake kasa kunne ban ji shi ba.

Makon jiya ƙanwarta ta zo daga ƙauye, ta tsaya nesa da rumfar tana raɓe-raɓe. Daga ɗaki na jiyo Hajiya tana ce mata, "Matso mana. Ashana za ki fara ƙyastawa, sannan ki murɗa. In kin ga wutar shuɗiya, lafiya lau ne."